Tabo a hoton ƙwaƙwalwa: lamarin wata malamar firamare a Sakkwato

Da katon ambulan na hoto mijin ya shigo, ya rungume shi a ƙirji kamar sammacin kotu. Matar na biye da shi, sai wata yarinya 'yar kimanin shekara goma sha biyar, ƙanwarsa, riƙe da goyo. Ko zama bai yi ba ya zaro takardar sakamakon ya ɗora yatsa a layin ƙasa, inda wani ya zagaye kalma ɗaya da jan biro. "Likita, sunka ce ƙari na. Mi za mu yi?"

Na nemi izininsu kafin in rubuta wannan, kuma na sauya abin da zai sa a gane su. Matar shekararta 32, tana koyar da 'yan aji uku a wata firamare ta wajen Mabera, 'ya'yanta uku. Ciwon kai tun tana budurwa take fama da shi, amma a watanni takwas na baya ya zama kusan na kullum. A cikin wata biyar kuma sau huɗu wani abu ya same ta wanda mutanen gidan suka rasa sunan da za su ba shi. Sau uku "ta tafi ta dawo", in ji mijin. Na huɗun faɗuwa ta yi a tsakar gida da rana tsaka, cikin zafin Afrilun Sakkwato da ke haura digiri 40. Wannan faɗuwa ce ta kai su wani asibitin kuɗi, can aka rubuta musu hoton MRI. Kuɗin hoton ya fi albashinta na wata. Aka miƙo musu sakamakon ta taga, ba wanda ya zaunar da su. Wani ɗan maƙwabta da ya yi boko ya saka kalmar a waya, ya karanta musu abin da ya fito. Mako uku suka yi ba barcin kirki, har an fara maganar sayar da gona a Bodinga don zuwa Masar.

Abin da takardar ta ce bai kai nan ba. An ga wani ɗan wuri mai haske, faɗinsa milimita 9, kamar ƙwayar wake, a sashen ƙwaƙwalwa da ke saitin kunnen dama. Babu kumburi a gefensa, bai ture komai daga mazauninsa ba. Likitan hoto ya jero abu uku da zai iya zama: tabon wani tsohon ciwo, ko wurin da ƙwaƙwalwa ba ta tsaru daidai ba tun a ciki, ko kuma ƙari mai jinkirin girma. Ya rufe da cewa a haɗa da abin da aka gani a jikin mara lafiya. Ɗan maƙwabta na ukun kaɗai ya zagaye.

Mutane kan ɗauka irin wannan rubutu kame-kame ne, likita ya ƙi faɗin gaskiya. Ni ina ganin akasin haka. Na'urar MRI ba ta ganin suna, bambancin ruwa da kitse take nunawa a cikin nama, kuma abubuwa daban-daban suna iya fitowa da fari iri ɗaya. Mai karanta hoton bai taɓa ganin matar ba. Na duba takardar da aka tura ta da ita, kalma biyu ce a kai: ciwon kai. Ba a ambaci faɗuwa ba, ba a ambaci komai na tarihinta ba. Wanda aka ba wannan ya karanta, in ya yanke hukunci ɗaya to ya yi ƙarya. Sannan akwai abin da ba a cika gaya wa masu zuwa hoto ba: ƙwaƙwalwar lafiyayyu ma ba fes take ba. A 2009 wata mujallar likitoci ta Ingila ta tattara bincike 16 da aka yi wa mutane kusan 20,000 waɗanda ba su da alamar ciwon ƙwaƙwalwa, aka samu cewa a cikin kowane mutum 37 da aka ɗauka, ɗaya yana da wani abin da ba shi aka je nema ba. Wannan ma ba a lissafa ɗigo-ɗigon fari da ke zuwa da shekaru da hawan jini ba. Saboda haka ganin tabo bai isa a ce shi ne ya kawo ciwon kai ba, bai kuma isa a ce shi ya kayar da ita ba.

Na ajiye hoton a gefe na juya wurin matar, abin da ya ɗan ba mijin haushi, don shi a ganinsa maganar tana cikin ambulan.

Ciwon kan bai ba da wahala ba. Ɓari ɗaya yake kamawa, yau dama gobe hagu, yana bugawa kamar ana daka, da tashin zuciya, ba ta son haske ko hayaniyar yara, sai ta shige ɗaki ta rufe taga. Yana tsananta kusa da al'ada. Mahaifiyarta ma tana yi. Wannan ciwon ɓarin kai ne, sananne. Na tambaye ta ko ya taɓa zuwa farat ɗaya kamar an sare ta da gatari, ko yana tashinta da asuba da amai, ko yana ƙaruwa in ta yi tari ko sujada. Duk babu. Na leƙa bayan idonta da fitila, jijiyar gani ba ta kumbura ba, alamar babu matsi a cikin ƙoƙon kai. Hannu da ƙafa ƙarfinsu ɗaya, tafiya daidai, magana daidai. Dalilin da ya sa ciwon ya koma na kullum kuwa a jakarta yake: katin maganin ciwon kai mai haɗe da sinadarin kafin, irin na cikin shayi da goro, wanda take sha safe da yamma tun daminar bara. Maganin ciwon kai da kansa yana riƙe ciwon kai idan aka yawaita. Irin su farasitamol, kwana 15 ko fiye a wata. Masu haɗe-haɗe irin nata, kwana 10 ma ya isa. Ƙwayar wake da ke zaune gefe ɗaya ba tare da kumburi ba, da wuya ta sa ciwon da ke yawo daga dama zuwa hagu shekara goma sha biyar.

"Tafiya da dawowa" ita ce ta ci lokaci. Ita kanta ba ta san me ke faruwa ba, farkon kawai take tunawa: wani abu ya taso mata daga ciki zuwa maƙogwaro, sai ta ji wari kamar ana ƙona roba, sai tsoro ya rufe ta ba dalili. Daga nan sai ta ga mutane tsaye a kanta. Wannan warin shi ya sa surukarta ta ce iska ce, aka kira mai ruƙiyya, aka yi ta hayaƙi. Mijin bai taɓa gani daga farko ba, kullum kiransa ake yi. Ina cikin tambaya sai yarinyar da ke riƙe da goyo ta ce a hankali, "Yaya, in nuna mishi?" Ashe ta ɗauka a waya, tana tsoron a ce ta yi rashin kunya.

Bidiyon daƙiƙa 70 ne, kuma a wurina ya fi hoton da aka biya albashi a kansa amfani. Matar na zaune a tabarma tana tsince shinkafa a faranti. Hannunta ya tsaya. Ido a buɗe, yana kallon wuri ɗaya. Bakinta na motsi kamar mai tauna, tana lasar leɓe. Hannun dama na murza bakin zane, na hagu ya sandare a kan cinya. Ana jin muryar yarinyar tana "Anti, Anti", ba amsa. Can sai ta ja numfashi, ta dubi farantin kamar ba ta san shi ba, ta tambayi ko an yi la'asar, alhali hantsi ne. Bayan nan, in ji yarinyar, barci take yi na awa guda, ta tashi da ciwon kai.

Duk wanda ya karanci farfaɗiya zai gane wannan. Bahaushe ya san farfaɗiya da faɗuwa da jijjiga da kumfar baki, shi ya sa wannan nau'in ke wucewa a matsayin iska, ko tunani, ko ma raini. Amma bugun farfaɗiya yana iya tashi daga wuri ɗaya a ƙwaƙwalwa ya tsaya nan, kuma abin da za a gani ya danganta da aikin wurin. Sashen da ke saitin kunne yana da hannu a ƙamshi da wari, da tsoro, da tunawa. Idan wutar ƙwaƙwalwa ta rikice a nan, mutum zai ji warin da babu shi, ya tsorata, ya ɗauke na minti ɗaya ko biyu, ya dawo bai san an yi ba. In rikicin ya bazu zuwa ɓangarorin biyu, sai a samu faɗuwar da kowa ya sani. Na tambayi ranar da ta faɗi, ko ba suman zafi ba ne. Mai suma yakan ji jiri da duhun ido tukuna, ya faɗi laƙwas, ya farfaɗo da wuri yana sane da inda yake. Ita kuwa ta sandare, ta yi jijjiga, ta ciji gefen harshe, ta yi kusan rabin awa ba ta gane mutane. Cizon gefen harshe alama ce mai ƙarfi. Hannun hagun da ya sandare a bidiyo kuma yana nuna dama, domin kowane ɓarin ƙwaƙwalwa ɗaya ɓarin jiki yake juyawa. Dama kuwa nan tabon yake.

A nan ne tabon ya fara samun ma'ana, ba don hoton ya canja ba, sai don labarin ya nuna wuri ɗaya da shi.

Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, bugu biyu da ba wani abu ne ya tayar da su ba, tsakaninsu fiye da awa 24, ya isa a kira shi farfaɗiya. Amma sai an tabbatar ba wani abu ne ya tayar da su ba. Muka auna sukari da gishirin jini da aikin ƙoda, aka yi gwajin ciki, da na ƙanjamau, da hoton ƙirji, domin tarin fuka yana iya yin dunƙule a ƙwaƙwalwa, kuma a ƙasarmu ba baƙon abu ba ne. Na tambaye ta tiramadol, mijin ya ɓata rai, na ce masa kowa nake tambaya: ƙwayar tana jawo bugu ko ga wanda bai taɓa yi ba, kuma mata da yawa ana ba su ita a kemis don ciwon baya ba su san sunanta ba. Ba ta sha. Akwai kuma tsutsar alade da 'ya'yanta ke zama a ƙwaƙwalwa. Mutanenmu kan ce mu ba ma cin alade, alhali ta ƙwaƙwalwar ba ta nama ake ɗauka ba, ta abinci ko ruwan da bayan gidan mai ɗauke da tsutsar ya gurɓata ne. Hoton nata bai yi kama da wannan ba. Duk gwaje-gwajen suka fito lafiya.

Gwajin EEG, wanda ake manna wayoyi a fatar kai a auna wutar ƙwaƙwalwa, shi ma ya fito lafiya, sai mijin ya zo da murna cewa ashe ba farfaɗiya ba ce. Dole na rage masa murnar. Gwajin na kusan rabin awa ne, kamar ka tsaya bakin titi na ɗan lokaci ka ce ba a haɗari a hanyar. Kusan rabin masu farfaɗiya, ko fiye, gwajinsu na farko ba ya nuna komai. Aka sake shi bayan an hana ta barci daren, ta yi gyangyaɗi a kan gadon gwajin, sai ga tsinin igiyoyi, alamar farfaɗiya, suna fitowa a zanen gwajin daga saitin kunnen dama.

Saura tambayar da ta kawo su: mene ne tabon? Na ce a zo mini da mahaifiyarta. Matar 'yar fari ce, kuma tsohuwar irin mutanen da ne, ba ta kama sunanta, ba ta ma son a gan ta tana nuna damuwa a kanta. Ta zauna ta juya mata gefe. Na ce, "Inna, tana ƙarama ta taɓa yin wani ciwo mai tsanani?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yarinyar ga? Shekarar sanƙarau ta kwanta. Wuyanta ya sandare, tay yi ta jijjiga tun azahar har dare. Kwana tara munka yi asibiti. Mun ɗauka ba ta tashi." Shekarar da take nufi 1996 ce, lokacin da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, akasari a Arewa. Matar tana da shekara huɗu. Ba ta taɓa jin labarin ba sai ranar, mijin ma haka. Kunyar 'yar fari ta rufe shi shekara 28.

Sanƙarau da doguwar jijjiga a yarinta suna iya barin tabo a daidai wannan sashe, ya yi shiru shekaru masu yawa kafin ya fara tayar da bugu. Wannan ya sa tabon tsohon ciwo ya hau gaba a cikin ukun. Sai dai ban ce musu an gama ba, don labari mai daɗin ji yana iya rufe wa likita ido. Ƙari mai jinkirin girma shi ma da bugu yake fara bayyana a masu irin shekarunta, kuma yana iya zama a kan wadda ta yi sanƙarau. Na tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. Sai da na yi wa surukar bayani cewa ba asibitin masu taɓin hankali na Kware ake nufi ba, don mutanenmu da sun ji "likitan ƙwaƙwalwa" sai hankalinsu ya tafi taɓin hankali. Aka sake hoton, wannan karon da allurar da ake ɗurawa a jijiya don wurin da ke da rai ya yi haske, aka kuma yanka hoton siriri-siriri a sashen da ake zargi. Tabon bai sha allurar ba, naman da ke gefensa kuma ya ɗan motse, abin da ya fi kama da tabo, don ƙari cika wuri yake yi. Shawarar ita ce ba za a taɓa shi ba. A sake hoto bayan wata shida a gwada da na farko.

Mijin bai ji daɗin wannan ba. "To a buɗe a gani mana, mu huta." Na fahimce shi, zama da abin da ba a tabbatar ba yana da nauyi. Amma ɗebo nama daga cikin ƙwaƙwalwa yana da nasa haɗarin, zubar jini ko taɓa wurin da ke aiki, kuma ba a ɗaukar wannan don abin da alamu suka nuna a kwance yake. Jiran nan shi ma gwaji ne: tabo ba ya girma, ƙari kuwa ko a hankali ne sai ya motsa. Abin da na roƙe su shi ne su adana faifan hoton, ba takardar kaɗai ba, domin ba a gwada girma da rubutu. Na kuma rubuta musu abin da zai sa su dawo ba jiran wata shida: raunin hannu ko ƙafa, karkacewar baki, rikicewar magana, gani biyu-biyu, amai da asuba, canjin hali, ko bugu ya ƙaru duk da magani.

Maganin bugun bai jira sunan tabon ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da bugu in sun samu maganin da ya dace. Zaɓen maganin ne ya so tunani. Balfurowet, wanda aka fi sani da Epilim, yana maganin bugu da ciwon ɓarin kai a lokaci guda, har wani mai kemis ya riga ya ba su shawararsa. Amma ga macen da ke haihuwa haɗari ne: kusan jariri ɗaya cikin goma da aka yi cikinsa ana shan sa yana zuwa da nakasa, wasu da yawa kuma da jinkirin fahimta. Kabamazafin, wato Tegretol, yana da sauƙin kuɗi kuma yana aiki sosai ga irin bugunta, sai dai yana rage ƙarfin ashanar tazarar haihuwa da ke hannunta. Muka tsaya a kan lebetirasetam, duk da tsadarsa, da gargaɗin cewa yana sa wasu saurin fushi, tare da ƙwayar folik asid ko da ciki zai zo. Maganin ciwon kai na jaka kuwa aka dakatar da shi. Mako biyun farko ta sha wuya, ta kira ni sau biyu tana cewa kanta zai tsage, daga baya ciwon ya koma sau uku ko huɗu a wata.

Da surukar ban yi gardamar iska ba. Na ce a ci gaba da addu'a da tofi, amma kada a ajiye ƙwaya ko ta kwana ɗaya, a kuma daina turara mata hayaƙi a hanci lokacin bugu. Kada a cusa cokali a baki, kada a danne ta, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu sai ta dawo hayyacinta sarai. A kwantar da ita ta gefe, a janye abin da zai ji mata ciwo, a duba agogo. In jijjiga ta kai minti biyar, asibiti. Na maimaita cewa yawun mai farfaɗiya ba ya harbin kowa, don na lura an ware mata kofi. Girki a murhu da jan ruwa a rijiya ta bar wa ƙanwar mijin, wanka kuma ba ta sa sakata.

Sau ɗaya bugun ya dawo, cikin goman ƙarshe na azumi. Ta makara sahur kwana biyu a jere ba ta sha ƙwayar asuba ba, ga rashin barcin tahajjud. Aka mayar da shan maganin sahur da buɗa-baki, aka sa ƙararrawa a wayar mijin, tun daga nan shiru.

Hoton wata shida ya fito milimita 9, yadda yake. Na bayan shekara ma haka. Likitan hoto, wanda a wannan karon aka rubuta masa cikakken tarihi har da sanƙarau na 1996, ya sa tabon tsohon ciwo a farko, amma bai goge ƙari daga takardar ba, ya ce a sake dubawa bayan wata shekara. Mijin ya karanta ya dube ni, na ce masa haka ne, ba a goge ba. Gonar Bodinga tana nan, sun shuka gero bana. Matar ta koma aji, ta gaya wa shugabar makarantar da malamar ajin da ke kusa abin da za su yi in sun ga ta tsaya da alli a hannu. Zuwansu na ƙarshe tare da Inna suka zo, ta zauna ta juya gefe kamar kullum, sai da za su fita ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni, ba tare da ta dubi 'yar ba, ko yarinyar ga tana iya zuwa Umra da maganin nata. Na ce ta ɗauki na wata biyu a jakar hannu, da takardar likita.